Fijon marigayi: yadda aikin tayar da ita yake tafiya

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau da hantsi ni da ƙanena muka yaye tamfol ɗin da ke rufe da motar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana durƙushe a bayan gidanmu na Agege, tun yammacin da ya shigo da ita ya kashe, ya ce kansa na sara masa, bai kuma sake riƙe sitiyari ba. Fijo ce 504 doguwa, wagon, mai kujeru layi uku, fara, haɗin Kaduna, ta 1983. Da ita ya yi jigilar fasinja tsakanin Legas da Kano, da ita ya ciyar da mu, da ita ya aurar da yayyena mata.

Tayoyin huɗu duk sun sace sun tsattsage. Ɓeraye sun yi sheƙa a soson kujerar baya. Da na danna tafin hannu a wajen ƙafar direba, sai ƙarfen ya marmashe kamar ƙanzo, har ina hango ƙasa ta ramin. Amma gilasai duk lafiya lau. Da na buɗe ƙofa kuma, bayan warin danshi da na ɓera, akwai sauran ƙamshin turaren da yake shafawa. Na daɗe a tsaye ban iya shiga ba.

'Yan gwangwan sun yi sallama a kan motar nan ya fi a ƙirga. Amsar Inna ɗaya ce kullum: muddin tana numfashi babu mai ɗora mata guduma.

A aljihun gaban mota na tarar da carbinsa, da asuwaki, da goro biyu da suka bushe suka koma kamar tsakuwa, sai wani littafin 'yan makaranta mai shuɗin bango. Ashe duk abin da aka yi wa motar yana rubutawa, kalmomi da ajami, lambobi da boko. "Juyen baƙin mai, Mokwa." "Fambel ya tsinke bayan Tegina, na sa na ajiya." "Sababbin taya biyu, Zariya." Rabin littafin fari ne fat. Daga inda alƙalaminsa ya tsaya nawa zai ɗora.

Lahadi, 19 ga Janairu

Mai facin bakin layinmu ne ya ba ni labarin majalisar. Wasu masu tsofaffin motoci, yawancinsu dattawa, suna haɗuwa duk Lahadi bayan la'asar a farfajiyar wani Alhaji can wajen Oko-Oba. Na yi ta jan ƙafa kafin in je, don ba ni da abin nunawa sai hotuna a waya, kuma ban san komai a kanikanci ba. Ni aikina lissafin buhunan albasa ne a kasuwar Mile 12.

Motoci shida na tarar a jere ƙarƙashin mangwaro: Fijo 404 ɗaya, Marsandi biyu, Basuwaja ɗaya, Fijo 505 ɗaya, da wata 504 salun koriya. Kafin in gama gaisuwa an matsa mini a benci, an miƙo mini shayi. Babu wanda ya tambayi sana'ata, babu wanda ya tambayi nawa na ware. Mai gidan, da kowa ke ce wa Alhaji mai 404, ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ɗana, ta wa ce?" Daga baya aka gaya mini ita ce tambayar farko da ake yi wa duk baƙon da ya zo.

Na ce ta mahaifina ce, na faɗi hanyar da yake bi. Wayar ta zagaya hannu zuwa hannu har ta kai ga wani tsohon direba da ke zaune a ƙarshen benci. Yana ganin hoton bayan motar ya dafe ƙirji. A jikin ƙofar but akwai rubutu da jan fenti, duk ya koɗe: Sannu ba ta hana zuwa. Ya ce, "Mai Sannu! Wallahi na san motar nan. Mun sha kwana tare a Mokwa." Bai san sunan mahaifina ba, domin a tasha da rubutun mota ake sanin direba. Sai ya shiga jero mini hanyar kamar mai tilawa: Ibadan, Ogbomosho, Ilori, gadar Jebba, Mokwa, Tegina, Birnin Gwari, Kaduna, Zariya, Kano, tafiyar kilomita wajen dubu. Ya ce mahaifina ba ya tsere da kowa, kuma ba ya wuce ɗan'uwa da ya lalace a hanya. Na sunkuyar da kai ina kallon kofin shayi, don kada a ga idona.

Daga nan hira ta ɓarke. Alhaji ya kama hannuna ya kai ni ga tasa, ya nuna mini sitiyarinta a hannun dama. Yayansa ne ya saye ta tun ana tuƙi a ɓangaren hagu na titi. Ranar Lahadi 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta koma tuƙi a dama, kuma yana cikin motar nan a ranar, yana matashi. Ya ce duk Ikko tafiya ake yi kamar masu rakiyar amarya, kowa na kallon na gabansa. An sha ba shi shawarar ya mayar da sitiyarin hagu, ya ƙi.

Mai Basuwaja tsohon malamin makaranta ne. A 1975 ya haɗa ariyas ɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikatan gwamnati, da bashin mota ya saye ta, shekarar da masana'antar Volkswagen da ke Ojo, kan hanyar Badagry, ta fara fitar da su. Yarbawa na ce mata Ijapa, wato kunkuru. Ya buɗe mini bayanta na ga injin, babu lagireto, iska ce ke sanyaya shi, batir kuma yana ƙarƙashin kujerar baya. Shekara hamsin tana hannun mutum ɗaya. Mai 505 kuwa wata Hajiya ce, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, da kanta take tuƙa abarta.

Akwai wanda bai ce uffan ba sai da na tashi tafiya. Bayarabe ne ɗan Ogbomosho, amma Hausarsa ta Kaduna ce tsaf, domin ya fi shekara ashirin yana aiki a masana'antar Peugeot ta Kakuri kafin ya dawo ya buɗe gareji a Agege. Baba kawai ake ce masa. Ya ce, "Yaro, kada ka sa mata batir. Kada ka bar kowa ya murɗa makulli. Ina zuwa ran Asabar."

Asabar, 25 ga Janairu

Baba ya zo da yaronsa da 'yar jakar sifanu. Bai fara da injin ba. Tabarma ya nema, ya kwanta ya shige ƙarƙashi da tocila, yana ƙwanƙwasa ƙarfe da ƙaramar guduma yana saurare. Inda ya ji ƙara tangaran sai ya wuce, inda ya ji luf sai ya sa alli. Ya kira ni na kwanta kusa da shi, ya nuna mini sifirin huɗu a baya, biyu kowane gefe, da furofela da ke tafiya cikin bututun ƙarfe a rufe. Ya ce waɗannan ne suka sa wagon ke ɗaukar mutum bakwai da buhunansu ta ratsa ramuka ba ta koka ba. Ya ƙara da cewa 504 ce ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da Kakuri ta fara aiki, kuma an ci gaba da haɗa ta a Kaduna har bayan shekarar 2000, alhali Faransa ta daɗe da dainawa.

Hukuncinsa: ƙashin bayan motar lafiya, tsatsa a fata take. Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka.

Sannan ya ciro fulogi huɗun daga dogayen ramukansu, ya tsiyaya baƙin mai gauraye da ɗan kananzir a kowane rami, ya toshe da tsumma. Injin da ya daɗe a kwance, in ji shi, ringinsa kan manne da bango. Aka tilasta masa da kik sai ringin ya karye ya kankare silinda. Aikina shi ne in ƙara cokali guda a kowane rami duk bayan kwana uku, in kuma haƙura.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Baba ya sa doguwar sifana a kan fulin gaba, ya ja kaɗan, ya mayar, ya sake ja. A karo na biyar ko na shida sai aka ji wani ɗan ƙas, injin ya juya. Ya zagaya da shi sau biyu cif. Muka aro tayoyi daga mai koriyar salun, aka ja ta da igiya zuwa gareji. Inna ta tsaya a bakin ƙofa har muka sha kwana.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Yau babu aiki. Alhaji ya ce al'adarsa ce duk tsakiyar Fabrairu ya leƙa Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan, kuma bana da ni za a je. A 404 muka tafi, ni a kujerar gaba ta hagu, inda a kowace mota direba ke zama, sai na riƙa taka birkin da babu shi. A kan gadar Third Mainland matasa suna ta sassauta gudu suna ɗaukar mu hoto.

Abin da ya kawo mu baƙar Marsandin Janar Murtala Muhammed ce, wadda aka harbe shi a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Ramukan harsashi suna nan a jikinta. An haife ni a Legas, na girma a Legas, ban taɓa zuwa ba sai yau. Alhaji ya tsaya ya yi masa addu'a, muka shafa. A hanyar dawowa yake ba ni labarin yadda gwamnatin Obasanjo ta wancan lokaci ta ce manyan ma'aikata su rage ƙawa, 504 ta zama motar ofis. Shi ya sa mutanen zamaninsu ke ganinta da wani irin kwarjini: ita ce motar babban sakatare, ita ce ta alƙali, ita ce kuma ta tasha.

Na lura da wani abu a gidan tarihin. Mota a bayan igiya, komai darajarta, shiru take yi. Ba haka nake so tamu ta zama ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ladipo tun safe, ni da yaron Baba, da takardar da Baba ya rubuta. Wanda bai taɓa shiga kasuwar nan ta Mushin ba zai ɗauka ƙarfen duniya duka a nan yake ƙarewa. Kayan Toyota da Honda ko'ina ka juya, amma na 504 sai an yi tambaya, wannan ya tura ka ga wancan. A can ƙurya muka sami wani dattijo Inyamuri da shagonsa Fijo ce zalla. Da ya ji wagon ce ta 1983, ya hau tsani ya sauko da kwalaye masu ƙura. Mun samo kontak, kwayil, famfon mai, robobin birki, fambel, da tof gasket. Gilashin fitilar hagu, mai siffar nan ta 504 da ba ta yi kama da ta kowa ba, bai samu ba. Ya ce in bar masa sati uku.

Dabarar da Baba ya koya mini ta yi rana: kada ka je sayen kaya ba tare da tsohon a hannunka ba. Sau biyu ana miƙo mana abin da ya yi kama, sai an gwada baki da baki a ga bambanci.

A majalisar makon jiya an yi doguwar muhawara a kaina. Ɗaya daga cikin masu Marsandi, mutum mai son alheri, ya ce in sauke injin in ɗora na Toyota ɗan Beljiyam. Hujjarsa mai ƙarfi ce: tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, inji mai kafireta, mai girman cc 1,971, ba abokin talaka ba ne, kuma kowane makanike a Legas ya san Toyota. Malam mai Basuwaja ya ce in an canza zuciya to an canza mutum. Aka yi ta ja, ba wanda ya ɗaga murya.

Ban ga laifin wanda ya canza injin don motarsa ta ci gaba da neman abinci ba. Gara hakan da ta tafi gwangwan. Amma tawa ba haya za ta koma ba. Lambar da ke jikin bulok ita ce a takardun da mahaifina ya bari, kuma duk juyen man da ke cikin shuɗin littafi wannan injin aka yi wa. Shi zai zauna.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi ya raba. An wanke tanki, an fitar da wani abu kamar madi daga cikinsa. An warware kafireta an jiƙa. Birki huɗu sun sami sababbin robobi da sabon mai.

Baba ya tafi gida Ogbomosho, rasuwa aka yi musu, ya ce sai bayan Sallah. Saura buɗe tof silinda a gyara bawul a sa sabon gasket. Ya ce in jira shi. Ni kuwa raina ya kwaɗaitu da in kai Inna Idi a cikinta. Wani makanike a kusa ya ce aikin kwana biyu ne, ya sha yi. Na amince masa.

Asabar, 5 ga Afrilu

Wannan shafin da nauyi nake rubuta shi, amma dole ya shiga littafi.

Motar ta tashi kwana uku kafin Sallah. Na yi murna, na yi kyauta. Washegari na zaro sandar gwada baƙin mai, sai na ga man ya koma kamar shayi mai madara. Ruwan lagireto kuma ya yi ƙasa. Na kashe ta ban sake taɓawa ba. Inna a Keke ta je Idi, ban ma gaya mata abin da na shirya ba.

Baba ya dawo ran Alhamis. Ya dubi sandar, ya murza man a yatsa, ya tambayi yaronsa abu ɗaya: da aka cire tof, an juya injin? Yaron ya ce an juya, don a goge kan fistin. Baba ya zauna a kan tsohuwar taya ya yi shiru.

Ga bayanin da ya yi mini, na rubuta don duk mai 504 ya sani. Silindar wannan injin ba a jikin bulok aka huda ta ba. Silif ne guda huɗu da ake zurawa, ruwa yana zagaye su kai tsaye, kowanne yana zaune a kan siririn abin toshiya a gindinsa. Tof silinda ne ke danne su. In ka cire tof ka juya injin ba ka ɗaure su da ƙarfe da noti ba, fistin zai ɗago silif, toshiyar ta motsa, datti ya shiga ƙarƙashi. Kana mayar da tof komai zai yi kamar daidai, amma ruwa ya sami hanyar gangarawa cikin baƙin mai. Wanda ya saba da injinan Jafan kaɗai ba lallai ya san haka ba.

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, laifina ne." Ya ce, "Rubutun da ke bayan motar, ka karanta shi kuwa?" Bai ƙara ko kalma ba. Yanzu sai an sauke injin gaba ɗaya.

Na yi niyyar ƙin zuwa majalisa gobe saboda kunya. Alhaji ya kira ni a waya ya ce labari ya iso, kuma in ban zo ba su za su zo.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Na je. Maimakon faɗa, kowa ya kawo tasa ɓarnar. Malam ya taɓa ɗora buhun shinkafa a kujerar baya, ƙarfen kujerar ya taɓa kan batir, hayaƙi ya tashi yana tsakiyar gadar Carter. Hajiya ta taɓa tuƙa 505 cikin ambaliya a Oshodi har injin ya sha ruwa. Ko Baba ya ce a shekararsa ta farko a Kakuri ya lalata zaren noti a sabon inji fil. Da zan tafi mai koriyar salun ya buɗe but ɗinsa ya miƙo mini kwalin toshiyar silif, sabo, da ya ajiye shekara da shekaru. Na tambayi kuɗi, ya ce in na sake tambaya zai karɓe abinsa.

Asabar, 10 ga Mayu

Tunda an riga an sauke, Baba ya ce a yi mai gaba ɗaya: sababbin ringi, sababbin metal, sarƙar taimin, faifan kuloci. Kuɗin ya ninka abin da na yi lissafi, na ɗage sayen tayoyi. Duk yammacin da na taso daga kasuwa nakan biya in wanke ƙarafa da kananzir. Yanzu na san sunan kusan kowane abu da ke cikin tiren.

Abu biyu ya mayar yadda kamfani ya yi su. An taɓa cire tamostat an yar, kamar yadda ake yawan yi a nan da sunan ƙasarmu da zafi. Ya sa sabo, ya ce injin da ba ya ɗumi da wuri shi ke saurin cinyewa. Fankar lagireto kuma an ɗaure ta tana juyawa kullum, alhali an yi ta ne da maganaɗisu, ta kama in zafi ya kai, ta saki in ya sauka. Ya gyara wayarta. Ya saita bakin kontak da ma'auni, milimita 0.4, ba da ido ba.

Ƙarfe biyar da 'yan mintoci ya ce in shiga in murɗa. Bugu biyu ta kama. Muka bar ta tana aiki rabin awa, fanka ta kama ta saki sau uku. Na zaro sanda: man garau kamar zuma.

Asabar, 21 ga Yuni

Aikin bodi, kuma damina ta kankama. Iskar Legas da gishirin teku take tafe, ƙarfe ba ya samun hutu. Da mai walda ya kankare, ɓarnar ta fi wadda allin Baba ya nuna: wajen ƙafar direba da na fasinja, gindin ƙofofi biyu, mazaunin batir, da kwandon da ke riƙe safaya a ƙarƙashin baya. Ya ce zai iya cike wasu da fila a gama cikin mako. Na ƙi. Fila a kan tsatsa kamar shafa hoda ne a kan ƙurji. Damina biyu za ta kumbura ta fashe. A yanke ruɓaɓɓen, a ɗinka sabon farantin ƙarfe, ko da zai kai wata biyu. Wannan karon ban nemi shawarar kowa ba, na riga na sha darasin.

Inda muka yi ja-in-ja da mai fenti shi ne ƙofar but. Yana so ya kankare ta tas ya fesa, in ya so a sake rubutun da sitika. Akwai kuma wata 'yar lotsawa a bambar baya da yake son miƙewa. Na tambayi Inna asalinta, ta ce ranar da aka haife ni ne, mahaifina ya ja da baya cikin gaggawa ya daki turmi. Na ce wa mai fenti ya bar lotsawar, ya kuma zagaye rubutun da tef, ya shafa masa ruwan kariya kawai. Ya ce zai yi kama da faci a sabuwar riga. Na ce na ji, na gani, haka nake so. Hannun da ya yi rubutun nan wani mai zanen tasha ne da ba zan taɓa sani ba, kuma da shi tsohon direba ya gane mahaifina.

Kujeru suna Mushin wajen wani mai ɗinki da Hajiya ta haɗa ni da shi. Ya sami leda mai launin ƙasa kusa da ta asali.

Asabar, 19 ga Yuli

Ruwa ba ƙaƙƙautawa. Walda ta ƙare, an shafa jan fentin hana tsatsa ciki da waje, amma ba a fesa fenti cikin wannan danshi. Kasuwa ma ta ja baya. An lulluɓe ta ana jiran Agusta.

Lahadi, 17 ga Agusta

Sama ta ɗan ɗaga kamar yadda takan yi a wannan wata, an fesa fenti ran Talata da Laraba. Fara ce, amma ba farin takarda ba, mai ɗan duhun nono irin na da. Jan rubutun yana nan a tsakiya da koɗewarsa, kuma a idona ya fi komai kyau a jikinta.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau daban ne. Muna zaune a majalisa sai ga wani saurayi ya tsaya a bakin ƙofar farfajiya, ya ƙi shigowa, yana juya waya a hannu. Na gane tsayuwar nan, don na yi ta. Alhaji ya dube ni ya yi mini nuni da butar shayi. Na tashi na tarye shi, na matsa masa a benci, na zuba masa. Tela ne daga Idi-Araba. Da ya nuna hoton, dattawa suka yi shiru suna jira, sai na fahimci ni ake jira. Na ce, "Ɗan'uwa, ta wa ce?"

Ta kakansa ce, tana wani kango shekara da shekaru, bai ma san sunanta ba, ya dai ga tambarin Volkswagen. Malam ya karɓi wayar, ya gyara tabarau, sai ya miƙe tsaye. Igala ce. Ya ce ƙirar Barazil ce, can ana kiranta Brasília, a Ojo aka riƙa haɗa ta aka raɗa mata wannan suna, kuma injinta a baya yake, mai shan iska, ɗan'uwan na Basuwajarsa. Ya ce ya fi shekara ashirin bai ga mai rai ba. Saurayin ya ce wani ya yi masa alkawarin kawo batir gobe su gwada tayar da ita. Mu uku muka ce "A'a!" a tare, har ya firgita. Na zauna na yi masa bayanin mai da kananzir da jiran sati biyu, na kuma ba shi labarin abin da gaggawa ta jawo mini a watan azumi, ban rage komai ba. Baba yana gefe yana jin mu, bai gyara mini ko ɗaya ba.

Asabar, 6 ga Satumba

An ɗaura kujeru, an sa tayoyi huɗu sababbi, na mayar wa mai salun nasa da godiya. Gilashin fitilar hagu da aka ce sati uku ya iso bayan wata shida, daga Kaduna aka aiko shi.

Da sassafe, kafin titi ya cika, Baba ya zauna a gefena muka zagaya layukan bayan gareji. Sitiyarin da nauyi in tana tsaye, tana fara tafiya sai ya saki. Giya ta biyu tana ɗan gurnani in na yi saurin sakawa. Baba ya ce in riƙa ba ta numfashi ɗaya tsakanin giya da giya. A kan ramuka kuwa lumshewa take yi ta wuce, ban taɓa shiga motar da ke haka ba.

Daga nan na karya kwana zuwa gida, ban sanar da kowa ba. Ban yi ham ba. Ina tsayawa a ƙofar gida, injin na aiki, sai ga Inna ta fito da sauri, ko mayafi ba ta gama yafawa ba. Ta ce tana cikin kicin ta ji ƙarar, gabanta ya faɗi. Ta zagaya bayan motar ta shafa rubutun, ta shafa lotsawar, sannan ta buɗe ƙofar baya ta zauna a inda ta saba zama. Ta ce in bar injin kada in kashe tukuna. Mun fi minti goma a haka, ita tana jan carbin da na mayar aljihun gaba.

Abin da ya rage: birkin hannu ba ya riƙewa sosai, allurar mai ba ta motsi, robar gilashin gaba tana ɗigo ta kusurwar dama, kuma rewaya bai gama da fitilun baya ba. Sai takardu, wanda shi ne babba: sabuwar lamba, inshora, da gwajin lafiyar mota. Kafin su kammala ba za ta hau babban titi ba. Tsohon direba ya riga ya kama kujerar gaba a tafiyar farko, ya ce ko Ibadan ce a kai shi.

Asabar mai zuwa ni da Malam za mu Idi-Araba. Telan ya ce ya zuba man sau huɗu. Baba ya ara mini doguwar sifanarsa.